Yarinyar Mutane

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ta riga mu gidan gaskiya. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ya yalwata miki shi, ya haskaka shi. Mu nan unguwar Minanata muna nan lafiya gwargwado. Zafi ya sauka yadda kika san shi, ruwan randa ma sai an bar shi ya huce kafin a sha. Autanki Aminu da iyalinsa suna lafiya, matarsa ta sake haihuwa.

Na san ko kina da rai sai an karanta miki wannan takarda, tunda ba ki yi boko ba. Na kuma san waɗanda za su karanta ta a shafina, da 'yan uwan da za su kira ni su ce na tona asirin gida. Su kira. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na gaji da ɓoyo.

Ummi ta tafi, Inna. Jikarki, ɗiyata ta fari, wadda aka sa wa sunanki. Asabar ɗin da ta wuce ta bar gidan nan ta koma Birnin Kabi wurin gwaggonta Rabi, kuma ita ta roƙa da bakinta. Ba faɗa aka yi ba, ba dukanta aka yi ba. Shekararta sha huɗu, ta dubi gidan da aka haife ta ta ga babu abin da zai riƙe ta. Laifina ne, ban musa ba. Amma fushi nake da ke, wallahi fushi nake, kuma yau sai na faɗa miki dalili.

Ni ce ɗiyarki ta fari, kuma kin yi min kunyar ɗan fari yadda ba a taɓa yi wa kowa ba a unguwarmu. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Ke wagga" nake, ko "yarinyar ga". Idan baƙi suna nan ma ko wannan ba na samu, sai dai ki ce wa wani ya ce min in kawo ruwa, alhali ina tsaye gabanki.

Daga yaye aka kai ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. Ita ta goya ni, ita ta yi min kitso, ita ta san ba na son kuka a miya. Da ta rasu ina 'yar shekara bakwai aka dawo da ni ɗakinki, har murna na yi a ɓoye, Allah ya yafe min, don na zaci layi ya zo kaina. Kika shimfiɗa min tabarma a bakin ƙofa. A nan na kwana har aka kai ni gidan miji.

Kin tuna ranar kunu? Ni dai ban manta ba, tabon yana nan a ƙaurina na hagu. Na ɗauko tukunya daga murhu ta suɓuce, kunun ya kwarara a ƙafata, na ƙwalla ihu ina kiran ki. Kina daka a gindin darbejiya, taku biyar tsakaninmu. Kika tsaya da taɓarya a hannu, ba ki matso ba, kika ɗaga murya ta kan katanga kina kiran maƙwabta: "Ku taho ku duba, yarinyar mutane ta ƙone!" Iya Dije ce ta zagayo da gudu ta ɗauke ni ta tsoma ƙafar a ruwa. Da yamma mata suka cika tsakar gida suna yaba ki. "Kai, wagga mata akwai kawaici! Ko gezau ba ta yi ba." Ina kwance ina jin su, ƙafata tana zugi.

Yarinyar mutane! Su wane ne mutanen, Inna? Na girma ina neman su ban gan su ba.

Da a ce haka halinki yake ga kowa, da na haƙura na ce Allah bai ba ki taushin zuciya ba. Amma na ga Aminu a cinyarki har ya kai shekara goma. Na ji kina yi masa kirari, kina fifita masa tuwo, kina rantsuwa babu mai taɓa miki auta. Ranar da na zo na ɗaya a aji shida na rugo da takardar har ina tuntuɓe. Na tarar da ke da ƙawarki, kika kawar da kai kika ce in kai wa malam, wato Baba, a zaure. Aminu kuwa da ya haddace izu ɗaya kaza kika yanka.

An ce min duk ƙauna ce. An ce wadda ta fi son ɗanta ita ta fi ɓoyewa. Na tambayi Baba, shi da ya ƙarar da rayuwarsa kan buzu yana karantarwa, ko akwai wannan a littafi. Ya yi murmushi ya ce al'ada ce ta mutanen kirki, in bar zancen. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya bayan na yi aure, ta ce ita dai ba ta gani ba. To in ba Allah ya ce ba, wa muke faranta wa? Iya Dije da 'yan zaman tsakar gida?

Na rantse a raina ba zan yi wa nawa haka ba. Na yi karatu, na zama malamar makaranta, ina tsayawa gaban aji ina yi wa 'ya'yan wasu bayanin muhimmancin kulawar iyaye. Ƙaryar banza! Ranar da aka miƙo min Ummi a tsumma, dangin mijina sun cika ɗaki, na ji hannuna ya yi nauyi. Na kawar da kai, aka yi guɗa, aka ce ɗiyar Inna ce, ba ta zubar da gida ba. Daɗi na ji, Inna, kin ji abin kunyar. A karon farko a rayuwata na ji na yi abin da zai burge ki.

Sannan babanta ya yi miki kara ya sa mata sunanki. Sunan da ban taɓa furtawa ba don ke uwata ce, ya zama sunan da ba zan furta ba don ita ɗiyar fari ce. Kowa na ce mata Ummi, ni ko Ummin ban iya ba. "Ke" nake ce mata. Ita kuma ta tashi tana jin ƙannena suna ce min Anti, ta kama, har yau Anti take ce min. Ƙannenta biyu suna Mama, Mama, suna hawa jikina, ita tana gefe tana wanke-wanke. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na dai cika miki wannan.

Bari in gaya miki abin da ya faru, tunda ba kya nan.

Wata biyu da suka wuce Ummi ta yanke jiki ta faɗi a makaranta. Zazzaɓi ne ta kwana biyu tana ɓoyewa, ga rana. Aka kai ta wani ƙaramin asibiti a Sama Road, aka bugo min ina tsakiyar darasi. Ban san yadda na isa ba, takalmi ɗaya ma a cikin Keke Napep na bar shi. Na tarar Gwaggo Rabi, ƙanwar babanta, ta riga ni, don ta zo gari biki, tare da wasu mata biyu na danginsu. Yarinyar tana kwance, leɓenta ya bushe, ana neman jijiya za a sa mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta ɗago kai ta ce, "Wace ce uwar yarinyar? Ta zo ta riƙe mata hannu."

Inna, ƙafata ta ɗaga za ta tafi. Sai na ji idon matan nan a bayana. Na sunkuyar da kai, na gyara hijabi, na ja da baya taku ɗaya. Gwaggo Rabi ta ce, "Ga ni," ta matsa ta kama hannun. Ni na ɗauka Ummi ba ta cikin hayyacinta. Da na saci kallo na ga idonta a buɗe, a kaina yake, kuma hannun da ta miƙo ba wajen Gwaggo ta miƙo shi ba.

A hanyar komawa gida matan suka yi ta sa min albarka. Ɗaya ta ce, "Halin uwarta ta ɗauko sak, Allah shi jiƙan Inna." Na ce amin.

Ta warke, amma ba ta dawo ba. Ummi da ma ba mai surutu ba ce, sai ta koma kamar baƙuwar da ke jiran mota. Ta yi aikinta, ta ci abinci, ta shige ɗaki. In an taso makaranta sai ta zarce gidan maƙwabciyarmu Maman Rifkatu. Kin san ta, malamar nan 'yar Filato da ke kawo miki gwate, faten nan nasu, lokacin da kike jinya a gidana, wadda kike cewa tana da kirki sai dai ba ta da kunya, don tana rungume babbar 'yarta a bakin titi. Ita kaɗai ce a unguwar nan take ce min Maman Ummi, kuma shekara da shekaru ina jin haushin hakan.

Wata Laraba da la'asar ina shanya ta leƙo ta kan katanga ta ce tana son magana da ni, ba ta wasa ba. Ta ce, "Maman Ummi, yarinyar nan ta tambaye ni wani abu, na kasa barci. Ta ce tunda na daɗe a unguwar nan, in gaya mata gaskiya, wace ce ta haife ta. Wai ko Gwaggo ce ta ba ku riƙo." Ta ce ta yi mata rantsuwa cewa da idonta ta gan ni da cikin, yarinyar ta ce to me ya sa da aka tambaya a asibiti na ƙi amsawa.

Zanen da ke hannuna ya faɗi ƙasa. Ni na san ke kika haife ni, Inna, ko da kike juya min baya ban taɓa shakka ba. Tawa ɗiyar har ta kai ga bin maƙwabta tana tambaya. Na fi ki iyawa ke nan.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na dafa mata dambun zogale da take so. Na tsaya a ƙofar ɗakinta ya fi sau goma da maganar a bakina, na shirya ta tsaf tun daga makaranta. Ta ɗago kai ta dube ni, sai in ji kaina ina cewa, "Ke, kin sha maganinki?" Ta ce ta sha. In juya. Harshena ya saba da hanya ɗaya kamar jakin kai taki, ko an sake shi can zai nufa.

Na kai kuka wurin babanta, ya yi dariya. Ya ce, "Kowa haka anka yi mai, wa ya mutu? Ni ma ɗan fari na, ga ni." E, ga shi nan. Mutumin da bai taɓa zama da 'ya'yansa ya yi hira ta minti biyar ba, ga shi nan kuwa.

Shi Ummi ta samu ta ce tana son ta ƙarasa makaranta a Birnin Kabi. Gwaggo Rabi ba ta da 'ya mace, ta yi ta murna. Suka zo gidan nan ita da sauran dangin mijina, aka zauna a falo, aka kira ni. Babanta ya ce ga abin da ake ciki, me na gani. Haba Inna! Wace mace ce za ta buɗe baki gaban dangin miji ta ce a bar mata ɗiyar fari? Amsar a shirye take tun kafin a haife ni, kin faɗe ta ranar da za a kai ni ɗakin Kaka, kin sake faɗa ranar da aka zo neman aurena. Na ji ta fito daga bakina da muryarki: "Ni mi nawa ciki? Ɗiyarku ta, ku yi yadda kunka ga dama." Labulen ɗakin Ummi ya motsa. Tana tsaye a bayansa.

Akwai abin da na sani game da ke wanda ba ki san na sani ba. Ranar sadakar ukunki Inna Ƙarama, ƙanwarki, ta ja ni gefe ta ba ni labari. Ta ce ranar da nake naƙudar Ummi kin fito daga gida ba ki gaya wa kowa ba, kika tako da ƙafa cikin rana har asibiti. Ba ki shiga ba. Kika tsaya a bayan katanga wurin masu sayar da lemo tun azahar, kina jan carbi, har kika ji an ce na sauka lafiya. Sannan kika koma gida kika ɗora tuwo, da aka zo yi miki albishir kika ce, "To, madalla," kamar an ce miki an kawo wuta. Ta ce ƙafarki ta yi kwana uku a kumbure.

Na yi kuka a ranar har na shiɗe, mutane suka ɗauka kukan mutuwa ne. Na takaici ne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Inna. Ina ciki ina kiran sunan Allah ina kiran ki, ina cewa da uwata tana so na da ta zo. Ashe kina nan. Me zan yi da ƙaunar da sai an binne mai ita ake ba ni labarinta? Ina zan kai ta?

Duk da haka ina tuna ƙafar nan taki. Na wanke ta da hannuna wata huɗu da kika yi kwance a ɗakina, na san kowane faso da ke dugaduganki. Kina rufe fuska da gefen zane in ina yi miki wanka, wai kunyata kike ji. Wata rana da hantsi, kwana biyu kafin ki cika, kika kama wuyan hannuna kika riƙe gam. Kika dube ni, kallon da ban taɓa samu ba, bakinki yana motsi. Na tsayar da numfashi. Kika ce, "Ke, ba ni ruwa." Na ba ki, kika sha kaɗan, amma ba ki saki hannun ba sai da barci ya ɗauke ki. Yanzu na san abin da ya tsaya miki a wuya, don ni ma ya tsaya min a ƙofar ɗakin Ummi. Ke ma ɗiyar fari ce, Innata, kuma ban taɓa tambayar ki wa ya riƙe naki hannun ba.

Ranar Asabar da safe motar ta tsaya a ƙofar gida. Direba ya ɗaure akwatinta da katifa a sama. Ta durƙusa ta gaida babanta, ta shafa kan ƙannenta, ta zo gabana ta ce, "Anti, sai wata rana." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta juya, Gwaggo Rabi ta riga ta shiga gaba, maƙwabta sun fito, Maman Rifkatu tana tsaye tana share ido da bakin zane. Yarinyar ta kama murfin mota.

Ban san daga ina ya fito ba. Na ji muryata ta cika layin nan.

"Hauwa'u!"

Sunanki, Inna. Sunanta. Shekara talatin da takwas ina duniya ban taɓa ɗora shi a harshena ba. Gwaggo Rabi ta leƙo ta taga baki buɗe. Ummi ta juyo a firgice, ta haɗa hannu biyu a ƙirji ta ce, "Mi niy yi, Anti?"

Abin da ta fara kawowa a ranta ke nan. Uwarta ta kira sunanta, to lalle ta yi laifi.

Na ce ba ta yi komai ba. Na taka har inda take, gaban dangin ubanta da duk mutanen layi, na kama hannunta na ce ni na haife ta, kada ta tafi. Ta dubi hannuna a kan nata, ta dubi Gwaggo, ta ɗaga kai ta dubi katifar da ke saman mota. Ba ta fizge ba, a hankali ta zare hannun, yadda ake yi wa baƙon da ba a son a kunyata. Ta ce, "An riga an ɗaure kaya, Anti." Ta shiga, motar ta tashi.

Gwaggo ta bugo da yamma ta ce sun sauka lafiya, ta kuma tambaya ko jikina ƙalau yake, don abin da na yi da safe ya ba su tsoro. Na ce a ba ni yarinyar. Aka ce ta shiga wanka.

Ya Allah, ka jiƙan mahaifiyata, ka gafarta mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba, ka saka mata tsayuwar da ta yi a rana domina. Ka cire min wannan ɗacin kafin in same ta, don har yanzu yana nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka tsare min ɗiyata a inda take, ka sa wata rana in kira ta ta amsa ba tare da tsoro ba.

Ke kuma Inna, na yafe miki iyakar abin da zan iya a yau, sauran ina kan ƙoƙari. In Allah ya haɗa mu a gidan rahama, komai yawan jama'ar da ke wurin, don Allah kada ki sunkuyar da kai.

Wassalam.

Ɗiyarki ta fari,
Balkisu